Kwancen Birki

A gidan Alhaji Barmo ba a yar da komai, sai dai a sauke shi ƙasa. Riga in ta koɗe a jikin Alhaji sai ta sauka a jikin ƙanensa Inusa. Salula in ta fara kurumta, ta Inusa ce. Takalmi, agogo, tabarau, butar alwalar da ta soma yoyo, duk hanyarsu ɗaya. Mutanen Gure suna kiran wannan zumunci, har wani mai wa'azi ya taɓa buga misali da gidan. Shi kuwa Inusa, ga furfura a gemu, ga ƴaƴa sun tasa, bai taɓa ɓare ledar sabon abu da hannunsa ba.

Da Alhaji ya tashi ƙara mota, sai ya sayo bashe, mai buɗaɗɗen bayan nan, irin tsohuwar sak, uwa ɗaya uba ɗaya, fenti kaɗai ya raba su. Aka yi ta cewa mutumin kirki ke nan, ba ya sauya abin da ya sani. Hikimar ba a nan take ba. Duk ƙarfen da aka kwance daga sabuwar zai shiga tsohuwar, shi ke nan. Farar, sabuwa, ita ke kai Alhaji kanti da masallaci da Damagaram. Shuɗiyar ita Inusa ke ja zuwa kasuwannin Bune da Gamu, maƙare da shinkafa da sukari da jarkokin man girki na kantin Alhaji, mutane kuma a saman kaya kamar balbelu a kan shanu. Albashi babu. Ɗan'uwa ba a yi masa albashi, in ji Alhaji, cin fuska ne. Ana dai aika awo sashen Inusa daga sito, shi da matarsa Yabawa su ci su gode.

Wata Juma'a Alhaji ya taka birki a ƙofar masallaci, farar ta ja wani siririn tsaki, manyan gari suka waiwayo. Huɗubar ranar ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba. Washegari da hantsi motocin biyu suna garajin Usmanu makanike, kafaɗa da kafaɗa.

Usmanu ya cire ƙafar gaba, ya zaro filaket, takalman nan biyu da ke damƙe faifan ƙarfe in an taka birki. Sabo kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Na Alhaji sun koma kamar yankan nama a gidan marowaci.

"Sun kai, Alhaji. Ka ga ɗan harshen nan? Masu ƙera su ne suka sa shi, in naman ya ƙare ya taɓa faifai ya yi ihu. Tsakin da ka ji ke nan."

"Sa mini sabbi." Alhaji ya zunguri tsofaffin da bakin takalmi. "Waɗannan fa, da sauran rai?"

Usmanu ya dubi ƙarafan, ya dubi Alhaji, ya tuna rumfar da yake aiki a ƙarƙashinta a filin wa take.

"To, rai dai... akwai na Allah."

"Madalla. Sa wa Inusa."

"Yaya," in ji Inusa daga inuwar shuɗiyar inda yake tsugune, "ai kukan da suka yi maka ni ma shi za su yi mini."

"Ni cikin mutane nake yawo. Kai a daji wa za su dama, ƙadangaru?"

Na shuɗiyar da aka ciro kuwa Usmanu bai nuna wa kowa ba, ya shure su ƙarƙashin benci kamar abin kunya. A gaskiya kwancen ya fi su, kamar yadda masassara ta fi kabari.

Kowace ranar kasuwa, kujerar gaba ta Malam Fadilu ce, mai goro, tsoho siriri mai jan baki, wanda ya yi shekara da shekaru yana bin Inusa, huhun goronsa a cinya don bai yarda rana ta taɓa shi ba. Tun a gangaren farko motar ta buɗe maƙogwaro.

"Inusa, yaushe ka ɗaura aure ba ka saya mini goro ba? Wannan guɗar fa?"

"Filaket ne, Malam."

"Ɗiyar wa ce? Muryarta da zaƙi."

Haka aka yi ta tafiya. Mutanen ƙauyukan hanya suka daina tambayar lokaci, in sun ji ihu daga bayan tudu sun san shinkafar Alhaji ta iso. Sai wata rana ihun ya ɗauke. Fadilu ya ce amarya ta saba da gida. Inusa bai yi dariya ba, don ya san harshen ne ya cinye, mai gargaɗin ya mutu ke nan. Abin da ya biyo baya gurnani ne, ƙasa-ƙasa, irin na dutsen niƙa in tsaba ta ƙare ana ci gaba da niƙa. Yana jin sa a tafin ƙafa, yana hawa har haƙora. Ba a jima ba sitiyari ya fara rawar sanyi duk sa'ad da ya taka, motar kuma ta koyi karkata hagu kamar jakin da ya hango gida. In ya sauka a kasuwa sai ƙauri ya tashi daga ƙafar gaba. Ya tura yatsa ta tsakanin ƙarafa bayan ta huce, ya shafa faifan da ya kamata ya zama sumul kamar bayan faranti, ya ji kunya-kunya kamar gonar gero.

Ya sami Alhaji a kanti yana shan shayi da wasu ƴan kasuwa biyu daga Damagaram. Ya jira suka tashi, don ba a yi wa babba maganar ƙarfe a gaban baƙi.

"Yaya, birkin nan ya ƙare. Ƙarfe ke cin ƙarfe. Faifan ma ya tafi."

"Ka iso ko ba ka iso ba?"

"Na iso."

"Da me ka tsaya a ƙofar kanti?"

"Da giya, da kuma buhun da na jingina da shi."

"To ka ga! Ashe akwai dabara." Alhaji ya kurɓi shayi. "Kai Inusa, a ƙasar nan wa ke neman birki? Allah ya shimfiɗa mana rairayi tun daga nan har Alakos. Ɗaga ƙafa kawai, rairayi ya riƙe ka. Nasara ne ya ƙirƙiro birki don ƙasarsa duk kwalta ce. Ubanmu ya yi fatauci da raƙumi har gemunsa ya yi fari, ka taɓa jin an sa wa raƙumi filaket?"

"Raƙumi in ka ce masa tsaya, yana ji."

"Ƙafarka ce mai nauyi, tun kana yaro haka kake kashe takalmi. Ka yi haƙuri. Nawa suna ci a hankali, da sun yi rabi za a ba ka. Wannan karon ma ba zan bari su tsufa ba, don kai."

Ya faɗi haka da fuskar wanda ya yi kyautar doki.

Daga ranar Inusa ya shiga wani hali da bai taɓa tsammani ba, ya zama mai gadin birkin wani. In farar ta fito sai ya bi ta da ido, yana fatan ta ga rami ta tsaya. Alhaji kuwa tuƙinsa na rakiyar gawa ne, daga gida zuwa kanti, daga kanti zuwa masallaci, bai cika taka birki ba sai in zai gaisa da wanda ya fi shi.

"Sai mu sa malamai su roƙa mana," in ji Yabawa tana tankaɗe, "Allah ya sa awakin garin nan su yi ta gilma wa Alhaji."

Ba'a take yi, amma ta ga yadda mijinta ya koma. Tuwo ya daina wuce masa. Ƙafarsa ta dama tana kumbura saboda yawan dannawa, in yana zaune a tabarma sai ka ga tana taka iska ita kaɗai. A hanya ya daina hira, idonsa na can nesa yana ƙirga wa kansa inda zai jefa motar in wani ya ɓullo: wannan tudun, waccan ƙaya, wancan kwari. Abu ɗaya ne ke cin sa. Tun da ya karɓi farmi, takardar izinin tuƙi, bai taɓa zubar da jinin ko kaza ba, kuma ya san ranar da motar nan za ta ci mutum, hannunsa ne a kan sitiyari.

Yabawa tana da tunkiya, tata ta kanta, daga gidan ubanta. Ranar kasuwar Gure ta ja ta da igiya har garajin Usmanu.

"Ga ta. Ka sayar, ka sa masa sabbi, da takalman da faifan duka."

Usmanu ya goge hannu ya sake gogewa. Ya ce gaskiya ne sai an sauya duka, don sabon filaket a kan wannan faifan kamar ba wa kura ajiyar nama ne. Ya ce kayan ma suna nan. Ya ce amma mota motar Alhaji ce, bari ya ji ta bakinsa. Kafin Yabawa ta kai gida, magana ta riga ta.

Alhaji ya tsaya a tsakar gida, babbar riga na kaɗawa, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su amfana.

"Ni za a tona wa asiri? A ce matar ƙanena ke gyara mini mota da tunkiya? Gobe a kasuwa a ce Barmo ya karye? Me na rage ku da shi a gidan nan? Inusa, rigar da ke jikinka ta wa ce?"

"Taka ce, Yaya."

"Takalmin fa?"

"Naka ne."

"To ka ja wa matarka kunne."

"Alhaji," in ji Yabawa daga bakin ƙofa, "in rigar ta yage jikinsa kaɗai za a gani. Wannan fa rayukan mutane ne."

"Ji mini! Yau mata ke koya mini mota."

Tunkiya ta koma turkenta, ita kaɗai ta ci riba a ranar.

Inusa ya kai kuka ɗakin mahaifiyarsu, Hajiya Habsu, wadda ta tsufa har ta daina jin duk abin da ba ta so. Ta saurare shi tana jan carbi.

"Babba ya ce zai ba ka, ko bai ce ba?"

"Ya ce, Inna. Amma kafin nan..."

"Yaya uba ne. Ka taɓa kwana da yunwa a gidan nan? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"Inna, ni ke cikin motar."

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro laya mai jar fata, wadda aka yi wa Alhaji lokacin da zai tafi Makka.

"Rataya a madubi. Ko kana nufin ƙarfen Nasara ya fi ayar Allah?"

Bai ce ya fi ba. Wa zai ce? Ya karɓa, ita ma kwancen Alhaji ce.

Sau ɗaya ya gwada yin abin da kowane mai hankali zai ce ya yi. Ya ajiye makullin motar a kan teburin kanti, ya ce ba zai sake jan ta ba sai an gyara. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce to, Allah ya ba da hutu. Ranar ba a aiko awo ba. Washegari ma haka. Mai sito ya ce shi bai san komai ba, makullin sito na wurin Alhaji. Yabawa ta dama sauran gari, ta tsinka shi har ana ganin gindin ƙwarya, yara suka sha suna kallon ubansu. Daga sashen Alhaji ƙamshin miyar nama yana tsallako katanga, don katanga ba ta san an yi faɗa ba. Hajiya ta aiko a gaya wa Inusa ya daina taurin kai, yana sa wa ɗan'uwansa hawan jini. Da safe ya je ya ɗauki makullin. Alhaji ya ce ai ya san ɗan halak ne, ya sa aka kai musu awo har da ƙarin gwangwanin tumatir.

Ana saura kaɗan Sallah, kasuwar Bune za ta cika, Alhaji ya tsaya da kansa ana lodi. Duk buhun da Inusa ya ce ya isa, sai a ɗora wani. Motar ta durƙusa. Mutane suka hau. Fadilu ya shiga gaba da huhunsa, ya dubi layar da ke lilo a madubi.

"An ƙaro fasinja ke nan. Ya biya kuɗin mota?"

Akwai wani gangare kafin a shiga kwarin da kasuwar ke ci. Shekara da shekaru rairayi ne, mota na nutsewa tana sauka a hankali, abin da ke ceton Inusa ke nan. A wannan makon an yi wa hanyar gata. An kwashe rairayin, an zuba jar ƙasa, an daddaɓe ta ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Inusa bai sani ba sai da ƙafafun gaba suka hau kanta.

Ya taka. Gurnani ya tashi, sitiyari ya girgiza, motar ba ta ko kula ba. Ya sake takawa. Wani abu ya yi ƙas a ƙasa, birkin ya tafi har ƙarshe ba tare da ya gamu da komai ba. Ya fizgo giya, ta yi kuka ta tofar. A ƙasa, inda hanya ta ƙare, mata ne zaune da ƙoren nono, da amalanken shanu, da yara suna ratsawa.

"Ku dira!" ya yi ihu ta taga. "Ku dira, babu birki!"

Na saman kaya suka fara zubowa kamar mangwaro. Fadilu ya rungume huhunsa.

"Inusa, ni da wannan gwiwar ina zan dira? Yi abin da za ka yi."

A gefen hagu akwai tudun rairayi, a gindinsa wata tsohuwar goriba. Inusa ya karya sitiyari wajen tudun. Ƙafafun gaba suka nutse, nauyin shinkafar Alhaji ya juyo da bayan motar, ta zo a karkace ta maka ƙofar dama a jikin goribar.

Ko mace ɗaya ba ta rasa cokalin nono ba. Na saman kaya suka tashi da kurjewa da targaɗe. Inusa aka zaro shi cinyarsa a karye. Fadilu aka zaro shi, aka shimfiɗe a inuwa, wani ya cire rawaninsa ya rufe masa fuska. Goro ya watsu a jar ƙasa, babu wanda ya tsinta.

Aka buga wa Alhaji waya. Tambayarsa ta farko, an gaya wa jandarma? Aka ce an gaya musu, suna wani aikin, sai bayan azahar. Farar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ta iso da Alhaji, da Usmanu, da kwali biyu.

Alhaji ya yi salati a kan gawar, ya share ido da bakin riga. Ya dafa kan Inusa ya ce sannu, Allah ya rufa asiri. Sannan ya ce wa mutane su ja baya, za a kwance ƙafafu don a ji daɗin jan motar, ya sa aka kafa tabarmi saboda rana. Kasuwa tana ci, mutane suka koma ga cinikinsu.

Inusa yana kwance a ƙasa, kansa a kan buhun sukari, ta ƙarƙashin tabarma yana ganin komai. Usmanu ya ɗaga farar tukuna. Ya cire filaket ɗinta da faifanta, masu ɗan amfani, lafiyayyu, waɗanda Inusa ya yi wata da watanni yana jira. Ya ɓare ledar sabbi ya sa wa farar. Sannan ya rarrafa wurin shuɗiyar ya ciro nata. Wani takalmin babu shi ma, ya faɗi a gangare, saura ƙarfe tsirara. Faifan ya yi shuɗi saboda wuta, ya tsage. Ya naɗe su a tsumma ya tura ƙarƙashin kujerar Alhaji. Ya ɗaura kwancen, ya sauya ɗan bututun da ya fashe, ya zuba mai, ya watsa ƙasa a kai. Aikin ya yi kyau. Usmanu gwani ne, ba a taɓa cewa ba gwani ba ne.

"Yaya," in ji Inusa, muryarsa kamar ta wani, "ƙafata. A kai ni likita."

"Yanzu, yanzu. Ka ga motar a ɗage take. Ka yi ta salati."

Sai da aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe aka ɗauke shi. A hanya Alhaji ya taka birki don wani jaki, farar ta tsaya cak, babu ko tari.

Jandarman da ya zo gadon Inusa a likita saurayi ne mai ladabi. Alhaji na zaune a gefe da kwanon farfesu a cinya. Yabawa na bakin ƙofa, an ce mata maganar maza ce.

"Malam Inusa, me ya faru a gangaren?"

"Birki ne. Ya ƙare tun tuni. Na faɗa, na sake faɗa."

Jandarman ya ce shi da kansa ya sa aka cire ƙafa ya duba, filaket da kauri, faifai sumul, da duk motocin kasuwa haka suke da aikinsu ya yi sauƙi. Alhaji ya girgiza kai cikin tausayi.

"Bugun ya taɓa kansa, ranka ya daɗe. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba zan ɓoye maka ba. Kwanan nan ba ya samun barci. Na sha ce masa ya huta, har makulli na taɓa karɓa na ajiye a kanti, kowa ya gani. Ya dawo ya ɗauka."

"Ƙarya ne!" in ji Yabawa daga ƙofa. "A tambayi Usmanu!"

Aka tambayi Usmanu. Ya ce shi dai abin da ke jikin mota shi ne shaida, ƙarfe ba ya ƙarya.

Jandarman ya ce zai dawo in Inusa ya ji sauƙi. Kafin ya dawo, aka kawo Hajiya a farar mota, ana riƙe da ita hagu da dama. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun ɗanta.

"Wanda ya mutu kwanansa ne ya ƙare. Kana so a ɗaure Babba? In an ɗaure shi wa zai ciyar da naka, kai da ƙafa ɗaya? Kai barci ne, barci ba laifi ba ne, kowa na yi. In ka sake ambaton birki ban yafe maka nonona ba."

Da jandarman ya dawo ya ce, to, barci ne ko? Inusa ya dubi rufin ɗaki. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗaga kai ya sauke. Aka karɓe farmi. Alhaji ya shiga ya fita, ya roƙi dangin mamaci, maganar ba ta yi nisa ba. Ya aika buhun shinkafa gidan makoki, daga cikin waɗanda suka tsira, aka yi ta sa masa albarka. Aka ce samun ɗan'uwa irin Barmo sai an tona, ƙanensa ya kashe mutum ya kashe mota, bai ko ɗaga masa murya ba.

Masu ilimin mota sun ce ana sauya filaket in ya fara ihu, ana sauya faifai in ya yi kunya-kunya ko ya sa sitiyari rawa. Sun ce kada a jira gurnani. Duk wannan Inusa ya sani, Usmanu ya sani, Alhaji ya fi su sani, tun da tsaki ɗaya ya kai shi garaji. Ba a rasa sani a gidan ba. An dai san kunnen wa ke ciwo in ƙarfe ya yi kuka, da kuma wuyan wa ya dace ya jira.

Ranar da Inusa ya fara iya takawa da sanda, bai nufi ko'ina ba sai gidan Fadilu. Yabawa ta ce ya bari, ya ce a'a. Ya ratsa gari yana ɗingishi, masu shayi suna yin shiru in ya zo, suna ci gaba in ya wuce. Ya yi sallama a zaure, aka shigar da shi. Matar Fadilu, Ummul Kulsum, tana takaba, tana bayan asabari, ƙafafunta kaɗai yake gani.

Ya durƙusa da ƙyar, ƙafar a miƙe. Ya yi ta'aziyya. Ya ce Malam abokinsa ne, ya ce Allah ya ji ƙansa. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya tuna awo, ya rufe.

Ta amsa da amin. Ya fara laluben sandarsa. Sannan ta yi magana, a hankali, ba faɗa, kamar mai tambayar lafiyar yara.

"Kullum in zai fita sai na ce masa motar nan tana ba ni tsoro. Sai ya ce ba motar yake bi ba, Inusa yake bi." Asabarin ya motsa kaɗan. "Malam Inusa, yanzu dai barcin ya ishe ka?"